Baƙon da bai zama raɓa ba: abin da 'yan mishan suka bari a Gusau

A shekarar 1956 wasu mata Turawa suka sauka a Gusau, sanye da fararen riguna har ƙasa da lulluɓi a ka. Sun taso ne daga wani ƙaramin gari mai suna Great Bend a jihar Kansas ta Amurka, ƙasar noman alkama, fili fetal iya ganinka. Gusau ta wancan zamani garin auduga ce da gyaɗa. Jirgin ƙasa yana shigowa daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya wuce Ƙauran Namoda, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan tireda daga kudu kuwa sun cika Sabon Gari. Matan nan sistoci ne na ɗarikar Katolika, 'yan ƙungiyar Dominikan. Ba miji, ba ɗa, kuma sun yi alkawarin haka za su ƙare rayuwarsu. Suka buɗe ɗakin shan magani da wurin karɓar haihuwa, suka duƙufa koyon Hausa.

A bakin Kiristoci abin da ya kawo su yana da suna: kira. Mutum ya ji a ransa Allah ya neme shi da wani aiki, ya bar uwa da uba da abincin da ya saba da shi, ya tafi ƙasar da bai san kowa ba, bai kuma sa ranar dawowa ba. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi sun zo ne da shirin rana ta fito ta same su a nan.

Zamfara ƙasar Musulmi ce, shekara 70 na wa'azin mishan bai sauya haka ba, babu kuma alamar zai sauya. A Gusau ɗin nan aka yi taron ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba, 1999. Saboda haka mai wannan rubutu ba ya neman kowa ya sake duba aƙidarsa. Sai dai ƙin karɓar wa'azin mutum bai hana a lura da yadda ya tafiyar da aikinsa ba. Abin da ya fi wahalar samu yau a asibitoci da makarantun karkarar Zamfara shi ne ma'aikacin da zai zauna, ya daɗe, har yaran gari su san shi da suna. 'Yan mishan sun iya wannan zaman. Kuma wanda ya bi tarihinsu zai tarar ƙarfin zuciya rabin labarin ne kawai, sauran rabin tsari ne.

A 1953 Fadar Fafaroma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta mai da su yankin mishan guda, ta danƙa wa 'yan Dominikan na Amurka waɗanda suka fara sauka a Yaba ta Legas a 1951. Fada Edward Lawton aka ba shugabanci a farkon 1954, kuma a Gusau ya kafa sansaninsa, domin nan ne Katolika suke, a gefen layin dogo. Birnin Shehu bai buɗe musu ƙofa da wuri ba. Tun a 1903, lokacin da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya ci Sakkwato, ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma rasdan da di'o sun riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar tsare 'yan mishan a Sabon Gari da yankunan da ba na Musulmi ba. Wannan shi ne abin da masu cewa mishan da mulkin mallaka abu ɗaya ne kan tsallake. Fatarsu ɗaya, jirgin ruwa ɗaya ya kawo su, inuwar tuta ɗaya ta kare su, amma sun sha yin tsamin dangantaka, don shi jami'in mulki zaman lafiya da haraji yake so, mai bishara kuwa yana ganin an ɗaure masa ƙafa.

Lawton ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Shekara biyu bayan haka rikicin 1966 ya ɓarke, Gusau na cikin garuruwan da abin ya shafa, Inyamurai suka kwashe suka nufi gida, cocin da aka yi shekaru ana ginawa ya wayi gari kusan wayam. A watan Disamba na shekarar Lawton ya rasu. Duk mai lissafin riba da faɗuwa, a nan zai naɗe tabarmarsa. Abokin tafiyarsa Michael Dempsey, wanda suka zo Najeriya tare a 1951, ya karɓi kujerar a 1967 ya riƙe ta har 1984. Shekara 33 ke nan a ƙasar da ba tasa ba, mafi yawan na ƙarshen a yankin da mabiyansa ba su taka kara sun karya ba.

Wanda labarinsa ya fi dacewa almajirin zaure ya ji shi ne Fada Joseph Kenny. Ya zo Najeriya a 1964 yana saurayi, aka turo shi wannan yanki, ya koyi Hausa. Da ya ga ba zai fahimci mutanen da yake zaune cikinsu ba sai ya san abin da suke karantawa, ya tafi ya koyi Larabci, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Edinbara a 1970 a kan Sanusi, malamin tauhidin nan na Tilimsan mai Ummul Barahina. Daga baya ya koyar da darussan Musulunci a Jami'ar Ibadan shekaru masu yawa, ya kuma fassara Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Turanci, littafin da kowane mai karatun fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa ya durƙusa a gabansa. Ya rasu a 2013, kusan shekara 50 bayan zuwansa. Akwai malaman da za su ce ai don ya san ta inda zai ɓullo wa Musulmi ya yi wannan karatu. Suna da 'yancin zarginsu. Amma ko da hakan ne, sai a dubi kuɗin da ya biya: ƙuruciyarsa gaba ɗaya, harsuna biyu masu wuya, da zama gaban littattafan da ko 'ya'yan Musulmi da yawa ba su sauke ba.

'Yan Dominikan ma a makare suka zo. Masu bishara na ɓangaren Furotesta sun riga su da shekara 60. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin shiga ƙasar da taswirar Turawa ke kira Sudan, wato ƙasashen Hausa da Barno da maƙwabtansu. Cikin kimanin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jikinsa, ya sake gwadawa a 1900 ya sake faɗuwa, sai a 1902 ƙungiyarsa ta SIM ta samu gindin zama a Fategi. Daga wannan ƙungiya ce cocin ECWA ya fito a 1954. A ɗaya gefen kuma ga Likita Mila na mishan ɗin CMS, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wajen fatake da maniyyata, yana cikin tawagar da Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya ja ragamar fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, ya kuma rasu a ƙasar Jos a 1952.

Ƙofar da aka rufe wa wa'azi, kuturta ce ta buɗe ta. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa SIM kula da sansanonin kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a lardin Sakkwato. Duk wanda ya taso daga Bunguɗu ya nufi Sakkwato yana bi ta kusa da Amanawa kafin ya shiga birni. A lokacin babu maganin kirki, sai allurar wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wani itacen ƙasar Indiya, mai zafin gaske, ga ƙarancin amfani. Ƙwayar dafson ba ta yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan ma'aikaciyar jinya ta yi shekaru tana wanke gyambon mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya, ba tare da tabbacin zai warke ba. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943 da asibitin Galmi na Nijar da aka buɗe a 1950 duk 'ya'yan wannan zamani ne, kuma har gobe Zamfarawa suna cika mota su nufe su.

A nan dole a faɗi ɗaya gefen, don ba mala'iku ba ne. Magani da wa'azi a faranti ɗaya aka kawo su. Kuturun da ba shi da wani wurin zuwa, idan aka ce ya zauna ya saurari karatu kafin a raba ƙwaya, ba za a ce da zaɓinsa ya zauna ba. Sarakuna da malamai sun yi ƙorafi, musamman a kan yaran da suka tashi a hannun mishan nesa da iyayensu, kuma ƙorafin yana da tushe. Wasiƙun da wasu 'yan mishan ke aikawa gida don neman gudummawa cike suke da raini ga Musulunci da ga baƙar fata, domin duhun da aka zana da yawa shi ke sa mai bayarwa ya zurfafa hannu a aljihu. Sannan tarihin da aka rubuta ya riƙe sunayen Turawa ya saki na 'yan ƙasa: dispensan da ya yi allurar, ungozomar da ta kwana a tsaye, katikis ɗin da ya taka da ƙafa ƙauye ƙauye, kuku da direba da mai fassara. Su suka ɗauki mafi nauyin kayan, a kan albashin da bai kai cefanen Bature ba.

Ta fuskar abin da suka zo nema kuwa, girbin bai kai wahalar noman ba. Fatansu ya fi karkata ga Maguzawa, irin waɗanda ƙasar Kwatarkwashi ta yi suna da su a gindin dutsenta. Wasu sun karɓi bishara, musamman a kewayen Malumfashi, amma da Sardauna Ahmadu Bello ya fito da rangadinsa na musuluntarwa tsakanin 1963 da 1965, ga kuma maƙwabtaka da auratayya da kasuwa, yawancin Maguzawan wannan yanki Musulunci suka shiga. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama. Duk da haka waɗanda suka yi alkawarin zama ba su tafi ba.

Bai kamata wannan ɗabi'a ta zama baƙuwa ga Bazamfare ba, don da irinta Musulunci ya iso gare shi. Wangarawa sun baro Mali suka zauna a Kano a zamanin Sarki Yaji. Magili ya taso daga arewacin Afirka ya zauna wajen Muhammadu Rumfa. 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, ta yi suna ne saboda malaman da suka taru a cikinta daga nesa suka kafa makarantu suka binne iyayensu a nan. Shehu Usmanu da kansa ya yi kimanin shekara 5 yana zagaya ƙasar Zamfara yana karantarwa, tun kafin a yi zancen jihadi. Babu ɗayansu da ya zo da takardar neman canjin wurin aiki a aljihu.

To yau fa? A Tsafe aka gina sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar Zamfara, rashin tsaro ya sa aka mai da horon Gusau. Shirin kansa Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shi a 1973, shi kuwa ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, unguwar da mishan ɗin Likita Mila ta koma, don haka ba mamaki ya yi tunanin a tura matashi garin da ba nasu ba ya yi hidima. Amma shekara ɗaya ce, kuma kowa ya san da yawa tun suna sansani suke neman a sauya musu jiha. Likitan da gwamnati ta kashe kuɗi ta horar yana duban Saudiyya ko Ingila. Malamar asibitin da aka tura ƙauye tana zaune a Gusau, tana leƙawa ranar kasuwa idan hanya ta yi kyau.

Zarginsu yana da sauƙi, amma ba adalci ba ne. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, dab da Gusau, suka kwashi ɗaliban jami'ar tarayya daga ɗakunan kwanansu. Hanyar Tsafe zuwa Gusau kuwa direbobi sun san ƙarfe nawa ake daina bin ta. Ba wanda ke da bakin ce wa 'yar wani ta je ta kwana a asibitin da ba katanga, ba ruwa, ba lantarki, albashi kuma sai an ga dama. Ciwon da ya kashe Gowans bai nemi kuɗin fansa daga iyayensa ba.

Sai dai a nan ne ya kamata a koma ga rabin labarin da aka ambata a baya. Bayan mutuwar samarin farko, ƙungiyoyin mishan sun koyi darasi: kira shi kaɗai kabari yake cikawa. Suka gina abin da zai riƙe mai kiran. Sabon zuwa ba ya fara aiki sai ya zauna makarantar harshe ya ci jarrabawar Hausa. Kafin a tura shi tasha an gina masa ɗaki, an haƙa rijiya. Bayan 'yan shekaru yana da hutun komawa gida, a duba lafiyarsa, ya ga danginsa, ya dawo. A Miyango ta ƙasar Jos SIM ta gina wurin hutu mai sanyi da makarantar kwana ta 'ya'yan ma'aikatanta, wadda aka sa wa sunan Kent, don kada karatun yara ya zama dalilin barin aiki. Idan tsufa ya zo akwai gidan da ke jiransa, na SIM a jihar Fulorida, na sistoci a babban gidansu na Kansas. A baya kuma akwai dubban talakawan coci da ke jefa 'yan kuɗinsu duk mako, sun san sunan wanda suke ciyarwa, suna karanta wasiƙarsa. Mutum yana iya sadaukar da rayuwarsa ne idan ya tabbata wani ya ɗauke masa tunanin ɗaki da ciwo da karatun yara da tsufa.

Ko ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ba ruwanta da wa'azi, da wannan dabara ta yi aiki a Zamfara. Ta shigo a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ma'aikatanta na waje watanni suke yi su tafi, amma ƙungiyar ta zauna a kan aikin fiye da shekara 10, da ma'aikata 'yan ƙasa da take biya kan lokaci.

Babu abu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Musulmin Zamfara. Jihar tana da hukumar zakka da waƙafi. Tana da attajiran da ke gina masallaci a unguwar da ta riga ta mallaki uku. Tana da ƙungiyoyin addini masu iya tara dubban mutane a wa'azin ƙasa na kwana biyu, da 'yan agaji cikin kaki, da motoci jere, a watse ranar Lahadi a bar garin yadda aka same shi. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta nuna tun daga 1985 cewa ana iya riƙe makaranta da asibiti da sunan addini a daɗe ana yi. Abin da ya rage shi ne a mai da waƙafi ga mutum kamar yadda ake mai da shi ga gini: a ɗauki yarinya daga ƙauyen da ke ƙasar Tsafe ko Bunguɗu, a biya mata karatun ungozoma, a gina mata ɗaki mai katanga kusa da asibitin garinsu, a ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta, a rubuta mata abin da za ta samu ranar da ƙarfinta ya ƙare. Wannan ba zai kori ɗan bindiga ba, aikin hukuma ne wannan, kuma ba a yafe mata shi ba. Amma akwai garuruwa da yawa da ake kwana lafiya a cikinsu, asibitinsu kuma a kulle.

'Yan mishan ɗin ma a ƙarshe ga 'yan ƙasa suka koma. Tun a 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan Afirka wadda ta zama EMS ta cocin ECWA, yau ita ke tura 'yan Najeriya ƙasashen waje. Limaman Katolika daga Najeriya suna riƙe da coci-coci a Amurka da Turai, inda samari suka daina shiga aikin. A 2023 aka yanke Katsina daga Sakkwato ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe haifaffen Gusau, a matsayin bishop, shekara 70 cif bayan an ba Amurkawa yankin.

Su kuwa matan Kansas, a 1973 suka fara karɓar 'yan mata 'yan Najeriya cikin ƙungiyarsu, suka yi shekara 34 suna renon su kafin a ba su cin gashin kai a 2007. Shekara biyu bayan haka, da masu shiga suka yi ƙaranci a Amurka, ƙungiyar Great Bend ta haɗe da wasu shida suka ɗauki sabon suna, sunan garin nasu ya fita daga ciki. Reshen da suka dasa a nan yana gudanar da makarantu da asibitoci a jihohi da dama, kuma duk inda suka je, da sistocin Dominikan na Gusau ake kiran su.